Ɗan takara na son a ba shi lasifika a masallacinmu na Amurka: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin wani masallaci a unguwar Bronx ta birnin New York, mai rajistar ƙungiyar da aka yafe wa haraji. Wani ɗan takarar kansila ya nemi a bar shi ya yi wa jama'a magana bayan sallar Juma'a, limaminmu kuma yana goyon bayansa. Mu amince?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai iya zuwa, muddin masallacin bai zama ɗan kamfen ɗinsa ba.

Dokar da ta shafe ku tana sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka, ana kiranta Gyaran Johnson, domin Lyndon Johnson ne ya kawo ta a 1954 yana sanata daga Texas. Ta hana coci, masallaci da ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara ko adawa da shi, tun daga shugaban ƙasa har kansila. Wanda ya saba da Najeriya ya lura da bambancin: Dokar Zaɓe ta 2022 wurin ibadar kansa ta hana a yi kamfen a ciki, ita kuwa ta Amurka rangwamen harajinku take bi.

In za ku gayyace shi a matsayin ɗan takara, sai ku aika wa duk masu neman kujerar takardar gayyata iri ɗaya, ku ajiye kwafi. Damar ma ta zo daidai. A nan kwamitoci da yawa ke tuntuɓe: a ba wannan ranar Juma'a masallaci cike maƙil, a ba abokin hamayyarsa bayan Isha'i ranar Talata sahu bai cika ba, wannan fifiko ne. Mai gabatarwa ya faɗa a fili cewa masallaci ba ya bayan kowa. Kada a zagaya da kwano a tara masa kuɗi, kada a miƙa masa lambobin wayar mambobi, kada fastarsa ta hau shafinku na Facebook.

Liman yana da 'yancinsa na ɗan ƙasa. Ya je taron ɗan takarar, ya ba da gudummawa daga aljihunsa, ya ce da bakinsa yake magana. Mujallar masallaci kuwa ta masallaci ce, don haka kada ya goyi bayan ɗan takara a cikinta, ko da shi ya biya kuɗin shafin. Huɗuba kan tsadar haya ko halin baƙin haure babu laifi, haka rajistar masu zaɓe in ba a nuna ɓangare ba.

Hukuncin shi ne soke rangwamen, wanda ke hana masu ba ku sadaka cire ta daga harajinsu, ko tarar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da masallaci ya kashe kan kamfen ɗin, da kashi 2.5 kan shugaban da ya amince yana sane. Ba kasafai hukumar haraji ta IRS ke kai wa nan ba, amma ta taɓa yi. Wani coci a jihar New York, Pierce Creek, ya saka talla a jaridar USA Today kwana 4 kafin zaɓen 1992 yana hana Kiristoci zaɓar Bill Clinton. An soke rangwamensa a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000.

Za ka ji ana cewa ai an sassauta. A Yulin 2025 IRS ta shaida wa wata kotu a Texas cewa abin da wurin ibada ya faɗa wa mabiyansa lokacin ibada, ta hanyoyin da ya saba, bai saɓa dokar ba. Wannan matsayi ne da ta ɗauka a shari'a guda, majalisar dokoki ba ta soke komai ba, kuma bai haɗa da kuɗi ko talla ba. Shawarata, kada sunan ɗan takara ya hau mumbari, kuma lauyan haraji ya duba takardar gayyatar kafin ku aika.