Tambayi Likita: sauya gida a Legas ana tsaka da maganin cutar kansa

Wata baiwar Allah daga Agege ta ce mai gida ya ba su notis, sun samu haya a Ikorodu, ita kuma duk sati 3 take karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa, a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ta tashi yanzu ko ta jira ta gama?

Hajiya Allah ya ƙara sauƙi. Tashi ba laifi, ranar tashin ce abin dubawa. Bayan an saka miki kemo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sukan yi ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14, to a wannan tsakanin kar ki kusanci ƙurar kwasar kaya, ki bari sai sati na uku da jiki ya ɗan dawo, kuma ko a ranar ke dai ki samu kujera ki zauna kina nuna wa yara inda za a ajiye kaya. Fayil ɗinki da sakamakon gwaje-gwaje da magunguna su kasance a jakar hannunki, kar su shiga motar kaya, a irin wannan hidimar ne takardu ke ɓata. Sannan Ikorodu zuwa Idi-Araba tafiya ce, gosulon hanyar kowa ya sani, in kina da 'yan'uwa kusa da asibiti gara ki kwana can ranar jajibiri. Wanda ake gasa masa cutar kansa da na'ura ma ya fi shiga wannan matsalar tunda shi Litinin zuwa Juma'a ne, ba a son tsallake rana.

Wani malam daga Mile 12 ya ce bangon ɗakin da suka kama duk baƙin danshi, mahaifinsa kuma yana kan maganin cutar kansa.

Malam wannan baƙin fumfuna ce, damina a Legas haka take yi wa gidaje. Ga mai lafiya atishawa ce kawai, amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni tana iya kama huhu. A kankare a wanke da bilic, a gyara inda ruwa ke yoyo, a yi fenti a bar tagogi buɗe ɗakin ya sha iska, duk wannan Baba ba ya nan. Ruwan bohol ko na rijiya a tafasa kafin ya sha.

Wata mai karɓar kemo kuma ta ce tun da suka tare sauro ya dame su, jikinta ya yi zafi ta aika kemis aka sayo maganin maleriya.

'Yar'uwa dan Allah kar ki sake haka. Mai kemo in zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius asibiti za a nufa a take, ko tsakar dare ne, domin yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini kuma cikin awanni take kwantar da mutum. Kar ki sha farasitamol ki danne zazzaɓin kafin a auna. Ki sayi tamomita ta auna zafin jiki, ki ɗaura gidan sauro, ki nemi asibitin da ke aikin dare a sabuwar unguwar tun kina da ƙarfinki, in kin je ki faɗa musu ranar da aka saka miki kemo na ƙarshe.

Mai tambaya kan banɗakin haɗaka a gidan haya: kwana 2 bayan kemo maganin na fita a fitsari, a kora ruwa sau biyu a wanke hannu da sabulu. Kansa dai ba a ɗaukarta, maƙwabta su kwantar da hankalinsu.