Ma'anar sunan Kovács da asalinsa

Malam, ka ce abokin aikinka ɗan ƙasar Hungary ne mai suna Kovács, kana son sanin ma'anar sunan da inda ya samo asali.

Ma'anarsa maƙeri. Kalmar kuwa aro ce daga harsunan Slav, inda "kovati" ke nufin dukan ƙarfe, shi ya sa za ka ga Kovač a Kuroshiya da Sabiya. Da farko laƙabi ne kawai, kamar a ce Audu Maƙeri, sai 'ya'ya da jikoki suka gaje shi, ko da ba su taɓa riƙe masaɓa ba. Kusan kowane ƙauye yana da maƙerinsa, don haka sunan ya bazu har ya shiga sahun mafi yawa a ƙasar, tare da Nagy da Tóth. Wajen furtawa, "cs" ɗin nan kamar "c" ɗinmu yake: Kobac.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne zaton duk Kovács dangi ne. Ko kusa! Wasu ma iyalan Jamusawa ne da suka mayar da sunansu Schmidt, wato maƙeri da Jamusanci, zuwa Kovács a ƙarni na 19. A tsofaffin takardu kuma za ka iya ganin Kováts. Ka tuna 'yan Hungary sunan gida suke fara rubutawa, sannan na yanka.

In abokin aikin naka asalin iyalinsa yake nema, ya fara da garin kakanninsa. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a 1895, kafin nan sai littattafan coci, yawanci da Latin, kuma bayan 1920 garuruwa da dama sun koma Romaniya ko Cekoslobakiya. Nan kam sai masanin salsala.