Sihirin Teleport: mayaƙin da ya suma, dutsen wata takwas da hasumiyar da ta rushe

Tambaya: Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ne jagoran wasa a teburinmu na Dungeons & Dragons, wasan labari da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi, bugu na biyar, kuma littafin 'yan wasa na 2014 muke bi. A zamanmu na ƙarshe gardama ta kaure har muka tashi ba mu cimma matsaya ba. Maƙiya sun yi wa 'yan wasa biyar ƙawanya a cikin kogo, mayaƙinsu ya faɗi a sume, makin ransa, wato adadin lahanin da zai iya jurewa, ya koma sifili. Masihircinsu ya ce zai yi Teleport, sihirin ƙaura nan take, ya kwashe kowa zuwa wata hasumiya. Sau ɗaya tak ya taɓa ganinta, shi ma ta sihirin leƙe, amma yana riƙe da guntun dutse da aka ɓantaro daga bangonta wata takwas da suka wuce. Abin da ba su sani ba shi ne, a labarin da na tsara tuni an rushe hasumiyar. Zai iya tafiya da wanda ya suma? Dutsen zai yi aiki? Ina za su sauka? Sannan ɗayansu ya cafke shugaban maƙiyan yana so a tafi da shi, ya halatta?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Uku daga cikin tambayoyinka littafin ya yanke musu hukunci ƙarara, ɗaya ce ya bari a hannunka, kuma ita ce ta fi nauyi.

Teleport sihiri ne na mataki na 7, wanda masihirci ba ya kaiwa gare shi sai ya taka matsayi na 13. Furuci kawai yake buƙata, ba motsin hannu, ba kayan haɗi, kuma a aiki ɗaya na zagayen faɗa ake yinsa. Yana ɗaukar mai yinsa da wasu halittu har takwas, da sharuɗɗa uku: suna cikin tazarar ƙafa 10 daga gare shi, yana ganinsu da idonsa, kuma sun yarda. Inda za a je dole ya zama wurin da ya sani, a cikin duniyar da yake tsaye a kanta. Sharaɗin gani shi ne wanda aka fi mantawa. Tunda a kogo suke, ka duba ko akwai haske ko masihircin yana gani a duhu, domin abokin da ke bayan dutse ko wanda ya ɓoye kansa da sihiri, a nan za a bar shi.

Shugaban maƙiya ba ya zuwa. Riƙe shi da aka yi bai mai da shi mai yarda ba. Wanda ya cafke shi zai ɓace, shi kuma ya tsaya inda yake hannu ya sake shi.

Dutsen ma ya daina aiki. Dokar ta ce idan kana riƙe da abin da aka ɗauko daga wurin a cikin wata shida da suka wuce, za ka sauka daidai, ba kuskure ko kaɗan, tamkar wanda ya haddace hatimin da'irar ƙaura ta dindindin. Lissafin daga ranar da aka ɗauko abin yake farawa, ba daga ranar da ya shigo hannun masihirci ba. Wata takwas ya wuce wa'adi, don haka sai a koma kan sanin da shi kansa ya yi wa wurin. A nan ne sihirin yake nuna halinsa, domin ba ƙarfin masihirci yake aunawa ba, sanin wurin yake aunawa. Kai jagora za ka jefa 'ya'yan lido na ɗari, masu ba da lamba daga 1 zuwa 100, ka duba jadawalin da ke cikin littafin.

Da hasumiyar tana nan, layin wanda ya ga wuri sau ɗaya za a bi, ko da ta sihiri ya gan shi. A wannan layin, 1 zuwa 43 hatsari ne, 44 zuwa 53 a sauka a wani wuri mai kama da shi, 54 zuwa 73 a kauce hanya, 74 zuwa 100 ne kawai sauka daidai. Wato 27 cikin ɗari. Ka kwatanta da wurin da mutum ya saba da shi sosai, inda hatsari bai wuce 1 zuwa 5 ba, kuma daga 25 zuwa sama an isa lafiya. Kaucewar ma ba ƙaramin abu ba ce: ana jefa ɗan lido mai fuska goma sau biyu, a ninka lambobin, abin da ya fito shi ne kason nisan tafiyar da aka kauce. Idan tafiyar mil 200 ce, aka samu 4 da 7, kashi 28 ke nan, sai su tsinci kansu mil 56 daga inda suka nufa, a kusurwar da ɗan lido mai fuska takwas ya zaɓa.

To amma ka ce an rushe ta. Littafin ya ware wa wannan layi na musamman, na wurin da babu shi, kuma ya ambaci irin yanayinka da baki: wurin da ka sani amma ya daina wanzuwa. A wannan layin babu sauka daidai sam. 1 zuwa 50 hatsari, 51 zuwa 100 wuri mai kama, galibi mafi kusa. Kowane hatsari yana yi wa duk matafiyan lahani na jimillar 'ya'yan lido uku masu fuska goma, wato tsakanin 3 da 30, sannan a sake jefawa a kan jadawalin. Yana iya maimaituwa sau biyu, sau uku, har sai wata lamba ta fitar da su.

Kafin ka jefa komai, ina roƙonka ka yi wa mai masihircin tambaya ɗaya: me kake hangowa a zuciyarka? Idan ya ce ɗakin da ke ƙololuwar hasumiya, mai taga da teburin littattafai, to wannan ɗaki babu shi, layin wurin da babu shi ya hau kansa. Idan kuwa ya ce tudun da hasumiyar take kai, kuma ya ga tudun a leƙensa, ni a teburina layin gani sau ɗaya zan bi, domin tudu bai je ko'ina ba. Wannan fahimtata ce ba nassi ba, amma ta fi adalci, tunda bakinsa ne ya zaɓa.

Yanzu mayaƙin da ya suma. Bugu na biyar ya ce sai mai yarda, amma bai fayyace matsayin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba. Tsohon bugu na 3.5, na shekarar 2003, ya faɗi a fili cewa sumamme ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yarda, kuma daga can wasu 'yan wasa suka taho da ra'ayin. Wasu kuma suna cewa wanda bai san inda kansa yake ba ba shi da ta cewa, don haka a bar shi. Duka biyun suna da matsala. Na farko zai buɗe ƙofar a buge maƙiyi ya suma a kwashe shi zuwa kurkuku. Na biyu zai sa a bar aboki kwance a gaban masu neman ransa saboda kalma ɗaya, abin da ba na jin an rubuta dokar dominsa.

Abin da nake yi shi ne in juya ga mai wannan mayaƙi, wanda ke zaune a teburin yana sauraro, in ce masa: da mutuminka yana farke, zai bi su? Idan ya ce e, ya yarda ke nan. Maƙiyin da ya suma kuwa ni ne bakinsa, kuma amsarsa a'a ce. Da wannan ka rufe ƙofofin biyu lokaci guda.

Sai dai akwai abin da gardamarku ba ta taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. Wanda makin ransa ke sifili, duk lahanin da ya same shi ana rubuta masa faɗuwa ɗaya a jifan tsira daga mutuwa, wato jifan ɗan lido da ke yanke ko zai rayu, kuma faɗuwa uku mutuwa ce. A layin wurin da babu shi, kowane jifa rabi da rabi ne. Hatsari uku a jere, wato ɗaya cikin takwas, sun kashe shi ko da bai taɓa faɗuwa ba. Idan kuwa yana da faɗuwa ɗaya tun a kogo, biyu sun isa, ɗaya cikin huɗu ke nan. Ka hango yadda zai kasance: an sauka a gindin wata baƙuwar hasumiya, kowa yana kakkaɓe ƙura yana murna an tsira, a juya a tarar da mayaƙi ba ya numfashi, kuma sihirin abokinsa ne ya ƙarasa shi.

Shi ya sa zan ba ka shawara ka faɗa musu wannan haɗarin kafin su yanke shawara. Ba sai ka tona asirin rushewar ba. Ya isa ka tuna wa masihircin abin da mutum mai matsayi na 13 ya kamata ya sani: dutsen ya tsufa, wurin gani ɗaya ya yi masa, kuma hatsari yana taɓa har wanda ke kwance. Daga nan dabara tasu ce. Idan ɗayansu ya ɗura wa mayaƙin ruwan magani ko ya yi masa ƙaramin sihirin warkarwa kafin zagayen masihirci ya zo, zai farfaɗo ya amsa da bakinsa, gardamar yarda ta mutu, kuma faɗuwar da aka rubuta masa a baya ta goge. Hatsarin farko zai iya sake kayar da shi, amma sai an jera huɗu kafin ya rasa ransa.

Ko kuma su sauya inda za su. Idan masihircin ya haddace hatimin wata da'ira ta dindindin, ko akwai wani abu a jakarsa da ya ɗauko daga masaukinsu na makon jiya, ko da cokali ne, can za su sauka ba tare da ka duba layin hatsari ba. Hasumiyar kuma sai su je mata da ƙafa, su ga ɓaraguzanta da idonsu.