Ku Tambaya: Ganyen Daji a Tsakiyar Damina

Assalamu alaikum. Bana ruwa ya zauna, tafasa ta cika bayan gari. Yara na ɗebo mini, amma nakan tsinci wani ganye mai tsini da wari a ciki. Shi ma tafasa ce? Kuma me ya sa kwaɗona ke ɗaci?
*Wata uwargida daga Funtuwa*

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Wannan mai tsinin rai-ɗore ne, ki riƙa tsince shi kina zubarwa. Dangi ɗaya suke, furensu duka rawaya, kuma wuri ɗaya suke tsirowa, shi ya sa yara ke haɗa su. Ki duba reshe ɗaya: tafasa ganye shida take yi, uku nan uku can, bakinsu zagayayye, da yamma kuma sai su naɗe. Rai-ɗore yakan yi takwas zuwa goma, masu tsini, karansa da ɗan ja, in kika murza sai wari ya tashi. Kwanson tafasa siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore ya fi faɗi. 'Ya'yan rai-ɗore na illa ga hanta, musamman ta ƙananan yara, don haka a ja musu kunne kada su tauna.

Ɗacin kuwa daga tsufan ganye yake. Toho ake so, kan reshe da ganyen da ke bi masa, tun kafin fure ya fito. A wanke sau uku saboda yashin da ruwan sama ke fantsama masa. Ruwa ya tafasa tukuna kafin a zuba, kuma ya sha kan ganyen. Bayan kamar minti goma a tsiyaye wannan ruwan na farko, a sa sabo, a bar shi minti goma sha biyar zuwa ashirin har ya yi laushi. Kanwa kada ta wuce girman ƙwayar gyaɗa a tukunya matsakaiciya. In ta yi yawa ganyen zai caɓe, ya yi baƙi. A matse sosai, don ruwan da ya rage ciki shi ke sa ƙuli ya yi tsululu. Mudun dafaffen ganye zai ɗauki gwangwanin madara biyu na dakakken ƙuli, da albasa, yaji, gishiri da cokali uku na man gyaɗa. Gasaya ma haka ake mata, sai dai ita takan buƙaci a sake ruwa sau biyu. Tafasa tana sakin ciki in aka cika, a fara wa yaro da kaɗan.

Malam, a gefen gonaki muke samun yaɗiya da lalo da zaki-banza. Yanzu da kowa ke feshi, wankewa ta isa?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Ba ta isa ba, Malam, kuma wannan ya fi rai-ɗore damunmu. Maganin ciyawa iri biyu aka fi fesawa. Mai ƙonewa nan take, irin parakwat, kwana ɗaya ko biyu ganye ya nuna tabo. Mai bin jijiya kuwa, irin gilaifoset, shiga jikin tsiron yake, ganyen ya zauna kore shar har kusan mako kafin ya fara rawaya. A cikin kwanakin nan ne ake ɗebowa ba a sani ba, ruwa kuma ba ya fitar da abin da ya riga ya shige ciki. Ga kuma maganin ƙwari da ake yi wa wake da auduga, wanda iska ke kaiwa kan shinge, inda yaɗiya ke naɗewa.

Ka tambayi mai gona kai tsaye. In ba ka same shi ba, ka bar wurin, ka nufi saura ko makiyaya. Haka nan a guji juji, bakin kwata da gefen kwalta, ko da zaki-banzan wurin ya fi ko'ina ƙiba.

Na shanya lalo ya yi fumfuna. Ina matsalar?
*Wata mai karatu daga Gusau*

Danshin Agusta ne, 'yar'uwa. A baza shi shafal-shafal a kan tabarma ko faifai, a ɗaga daga ƙasa, a inuwa mai iska, a riƙa juyawa safe da yamma, a shigar da shi ɗaki kafin raɓa. Sai ya rugurguje a hannu ake ɗurawa. Shanyar ajiyar rani gara a jira ƙarshen Satumba. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Laimar kwaɗi da ke fitowa bayan ruwa, da wacce ake ci?
*Wani ɗalibi daga Jos*

Akwai, amma ba za mu koyar da ita a rubuce ba. Mai guba na kama da mai kyau, dafuwa ba ta kashe dafin, wata kuma sai bayan awa shida ko fiye ciwon ke tashi. In ba wanda ya saba cinta a yankin ne ya nuna maka da hannunsa ba, ka bar ta.

Ina son fita da iyali bayan gari mu sha iska mu ga kore. Me zan kiyaye?
*Magidanci daga Gombe*

Madalla, Alhaji, yara su ga kaɗanya da gwandar daji a kan bishiyarsu. Ku fita da hantsi bayan raɓa ta bushe, kowa da rufaffen takalmi, babba a gaba da sanda yana kaɗa ciyawa. Kada a zura hannu ƙarƙashin dutse ko tulin ciyawa, nan kububuwa da kasa ke kwanciya. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa: a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da maganin dafi. Ku kuna kusa da na Kaltungo, wanda aikinsa ke nan. Hadari na haɗuwa ku kama hanya, kada ku fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, kada kuma ku zauna cikin busasshen rafi, don ruwan da aka yi a tudu kan iso ba tare da an yi ko ɗigo a inda kuke ba.