Muryar WhatsApp: amsa kan ƙaton karen gona a Kharj ta Saudiyya

Assalamu alaikum jama'a, ya aiki, ya zafi? To ƙanena na Kharj, na saurari muryarka. Ka ce kafilinka, wato maigidan da kake wa aiki, ya kawo ɗan kwikwiyo gona, ɗan wata huɗu, wai uwar Kangal ce uban Alabai, ya damƙa maka shi. Kana tambaya ko yana da haɗari, kuma me za ka dinga ba shi.

Da farko ka cire karen ƙauyenmu daga ranka, wanda ake watsa wa ƙanzo ya kwana gindin rumbu. Wannan ruwa biyu ne na manyan karnukan makiyaya. Kangal daga yankin Sivas na Turkiyya yake, Alabai kuma daga Asiya ta Tsakiya, wajajen Turkmenistan, duka biyun don tsare tumaki daga kerkeci ake kiwonsu. Namiji in ya cika yakan kai kilo 60, wani ya haura. Nan da shekara guda in ya fizgi igiya, wallahi sai dai ya ja ka.

Halinsu, da rana za ka gan shi kwance a inuwa kamar ba ruwansa da kowa, dare na yi sai sintiri da haushi. Mutanen gida yana riƙe su da amana, baƙo ne bai yarda da shi ba. Kuma kare ne mai yanke hukunci da kansa, ba ya jiran umarni. Tunda ruwa biyu ne, ba wanda zai ce maka ga gefen da zai ɗauko. Don haka tun yanzu da yake ƙarami za ka lanƙwasa shi. Ya saba da ma'aikata, da mai tankar ruwa, da yaran kafili, da awaki. Ka koya masa tafiya da igiya da zama kafin ka ajiye kwano. Duka ba ya gyara su, ɗaurewa a sarƙa dare da rana kuwa shi ke mayar da su mugaye. Yara kada a bar su da shi su kaɗai, ko da wasa zai iya ture yaro.

Abinci nan ne mutanenmu ke kuskure, kowa so yake a ga karen ya yi ƙiba. Irin waɗannan sai sun kai wata 18 zuwa shekara biyu ƙashinsu ke gama girma. In ka cika shi da ci, ko ka ƙara masa maganin ƙarfin ƙashi, jiki zai riga ƙashi girma, kwankwaso ya lalace, ka ga matashin kare yana ɗingishi. Ka shafa gefensa, ya kamata yatsunka su ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Ka ce kafili ya sayo abincin buhu na kwikwiyon manyan karnuka. Ragowar kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, kuwa hattara: albasa da tafarnuwa da zabibi suna cutar da kare, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne murɗewar tumbi, ciwon manyan karnuka masu zurfin ƙirji. Kare ya cika ciki lokaci ɗaya, ya sha ruwa da yawa, ya hau guje-guje, sai iska ta cika tumbin ya juye. Za ka ga ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, yawu na dalala, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Wannan ba a kai shi gobe, cikin 'yan awanni yake kisa, mota kawai zuwa likitan dabbobi ko da tsakar dare ne. Ka raba masa abinci sau uku yanzu, in ya girma sau biyu, kuma ya huta bayan ci.

Sai zafi. Ka san Kharj, da rani ana kai digiri 45, su kuma gashinsu rufi biyu ne, galibi haki ne ke sanyaya su. Inuwa ta gaske, ba ƙarƙashin kwanon rufi ba, ruwa kullum a cike, fita bayan asuba ko bayan magariba. In ka ga harshe ya fito sosai yana layi, ka zuba masa ruwa a kan fatar ciki da cinyoyi, ka kira likita.

Alhajin da ya ce ajiye kare haramun ne, kare na tsaron gona da dabbobi hadisi ya yi izini, kwanonsa dai daban.

Ka duba katin rigakafinsa, musamman na ciwon hauka da na gudawar jinin nan ta kwikwiyo, ka dinga duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ka turo hotonsa yana tsaye ta gefe in ga ƙibarsa.