Tambayoyinku kan waya: mawaƙi ɗaya na nema, biyu suka fito

Wata 'yar uwa daga Gyaɗi-Gyaɗi ta turo cewa: "Malam ƙanina ya ce in sa masa waƙar Rema, na buga sunan a waya sai ga wata mata tana waƙa da yaren da ban taɓa ji ba, ko wayar ce ta samu matsala?"

Wayarki ƙalau take 'yar uwa, Reman ne guda biyu. Wanda ƙaninki yake nufi shi ne Divine Ikubor ɗan garin Benin da ya yi tashe daga 2019, ita kuma matar Rema Namakula ce 'yar Uganda, Luganda kika ji tana yi, kuma ta riga shi fara waƙa da shekaru. Haka Asa, akwai tamu Bukola Elemide mai jita, akwai wani mai gambara a Finland shi ma Asa yake amsawa. Turawa ma sun daɗe suna wannan rigimar, Nirvana ta Amurka da Kurt Cobain ya jagoranta ta tarar da wata Nirvana a Ingila tun shekarun 1960, sai da aka kai ƙara sannan aka sasanta. Blink-182 da Blink kawai suka fara, wasu 'yan Ireland masu sunan suka ce ba su yarda ba, shi ne suka liƙa lamba. A 2020 ma Lady Antebellum sun koma Lady A, ashe wata mawaƙiya a Seattle, Anita White, ta fi shekara 20 da sunan. To in kin buga suna ki duba hoto kafin ki danna, ko ki ƙara sunan waƙar a gaba, shikenan.

Tambaya ta biyu ita ta fi cin rai na, daga wani matashi mai sitidiyo a Zoo Road: "Na biya kuɗi an ɗora min waƙa a Spotify da Apple Music, da ta fita sai na ganta a shafin wani bature mai irin sunana, hotonsa ne ma a sama, ya zan yi, kuma kuɗina shi zai ci?"

Kwantar da hankalinka ɗan uwa, kuɗin ba shafi yake bi ba. Kowace waƙa da aka ɗora tana da lambarta da ake kira ISRC, haruffa da lambobi 12, kuma kamfanin da ya rarraba maka waƙar, ko DistroKid ne ko TuneCore ko wani, shi ake biya a kan wannan lambar sannan ya zuba a asusun da aka ɗora da shi. Abin da kake asara shi ne mabiya, duk wanda ya ji daɗin waƙar ya danna bi to baturen ya bi, kuma manhajar za ta ɗauka waƙarka irin tasa ce ta dinga kai ta kunnen mutanen da ba su san Hausa ba, su kuwa tsallakewa za su yi.

Yadda abin yake faruwa, ita kwamfuta ba suna take ganewa ba, kowane mawaƙi yana da tasa lambar a Spotify, in ka kwafo link ɗin shafinsa za ka ga wasu haruffa a cakuɗe a ƙarshe, su ne lambar tasa. Lokacin ɗorawa akwai wurin da ake tambaya ko kana da shafi ko sabo ne kai, yawancin masu ɗora wa mutane sauri suke su wuce wurin, sai na'ura ta ga suna ya zo ɗaya ta jefa ka gidan maƙwabci. Gyaran: ka shiga wurin kamfanin da ya rarraba, ka kai ƙorafi da link ɗin waƙar da link ɗin shafin da ta faɗa, ka ce a raba ku, in kana da Spotify for Artists, wato wurin da mawaƙi yake kula da shafinsa, nan ma akwai wurin kai irin wannan ƙorafin. Ba ranar ake gyarawa ba, sai ka yi haƙuri. Amma fa in wani ne ya ɗora maka da asusunsa, wallahi ka je ka zauna da shi yau, don shi kaɗai zai iya kai ƙorafin kuma kuɗin ma hannunsa suke shiga, wannan ya fi baturen haɗari.

Ni shawarata ka ƙara wa sunan wani abu tun waƙoƙinka ba su yi yawa ba. Magabata sun riga mu, Ɗan Maraya Jos, Mamman Shata Katsina, ga Ali Jita, gari ko kayan kiɗa ya raba gardama. Kuma ka sani rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwanci take ba ka, mai kare suna shi ne alamar kasuwanci da ake yi a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya.

Sai wani mai adaidaita daga Kurna: "Na kai memori an tura min waƙoƙi a Farm Centre, wayar ta haɗe mawaƙa biyu wuri ɗaya, wasu ma sunan wani shafi take nunawa."

Yallaɓai wannan ba ruwan intanet. A cikin kowane fayil na MP3 akwai ɗan wurin da ake rubuta sunan mawaƙi da na waƙa, ID3 sunansa, shi wayar take karantawa ba sunan da kake gani a folda ba, shi ya sa ko ka canza sunan fayil ba abin da zai sauya. Masu shafukan sauke waƙa kuma sunansu suke cusawa a wurin don talla. Ka sa mai turin ya buɗe su da manhajar Mp3tag a kwamfuta, kyauta ce, ya zaɓi na mutum ɗaya gaba ɗaya ya gyara lokaci guda. Wadda ba a san mai ita ba a kunna wa manhajar Shazam mai gano waƙa, ita sauti take saurara ba suna ba, sai dai tsofaffin waƙoƙinmu na kaset da yawa ba ta gane su, waɗannan sai ka tambayi dattijan tasha.