Abin da ake saya a jikin tsohuwar Chevelle

Ɗazu muna tsakar aiki ka ce mini, "Oga, me zai sa mutum ya zuba sama da dala 100,000 a motar 1970, alhali kuɗin zai saya masa sabuwa fil mai kwamfuta?" Ajiye sifanar nan ka matso, ɗana.

Wadda ka nuna mini a waya, ja mai baƙaƙen layuka biyu a kan bonet, Chevrolet Chevelle SS 454 ce. Irin waɗannan motoci sun samo asali ne a 1964, lokacin da Pontiac ya ɗauko injin babbar mota ya dasa a jikin matsakaiciya, ya sa mata suna GTO. Fetur na da araha a Amurka, samari na da ɗan abin hannu, sai sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa na ƙara girman inji. General Motors, uwar kamfanin Pontiac da Chevrolet, yana da dokar cikin gida da ta hana wuce wani girman inji a matsakaitan motoci. Da ya ɗage ta a 1970, Chevrolet ya fito da wannan.

Injinta silinda takwas ne, lita 7.4. Kai da ka saba kwance Fijo 504 mai lita 2, lissafa ka gani, ya kusa ninka ta huɗu. Iri biyu aka yi: LS5 mai ƙarfin doki 360, da LS6 mai 450. Na biyun ake rububi. Daga tsaye, tana cinye mita 400 cikin daƙiƙa 13 da 'yan kai.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne duk ƙarfin nan ba kwamfuta ko ɗaya a ciki. A LS6, kafireta ce ƙirar Holley mai maƙogwaro huɗu. A tafiyar yau da kullum biyu ne ke aiki, in ka take totur har ƙasa sauran biyun su buɗe, nan take amon injin ya canza, motar ta manna maka baya da kujera. Wasu an yi musu 'yar ƙofa a ƙarshen bonet, dab da gilashin gaba. Tana rufe muddin kana tafiya a hankali, da ka take sai ta ɗaga, injin ya shaƙi iska mai sanyi daga waje. Me ya sa can baya ba gaba ba? Domin a guje iska a gindin gilashi take taruwa da ƙarfi.

Ga wani abu da nake so ya zauna maka. Tafet ɗin LS6 ba irin mai daidaita kansa da mai ba ne, da hannu ake saita shi, da siririn ƙarfen awo, kowane bawul da tazararsa. Don haka za ka ji ɗan tik-tik ko injin lafiyarsa ƙalau. Yaron da bai sani ba zai yi ta ɗaurewa har sai ya ji shiru, ya ɗauka ya yi gwaninta, alhali bawul ya daina zama daram, kwana kaɗan ya ƙone.

Zamanin bai yi tsawo ba. A 1970 ɗin Amurka ta tsaurara dokar hayaƙi, a 1971 General Motors ya rage matsin injinansa don su sha mai mara dalma, kamfanonin inshora suka tsauwala wa masu irin motocin, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka datse wa Amurka mai. LS6 shekara ɗaya tak ta yi a jikin Chevelle, kuma ba a ƙera dubu biyar ba. Ga rabin amsarka nan.

Ɗaya rabin amsar kuwa aikinmu ne. Fentin da ya ɗauke maka ido shi ne na ƙarshe da mai saye na gaskiya zai duba. Gyara na sosai, ana ɗage bodi gaba ɗaya daga kan shasi, a kankare har sai ƙarfe ya fito tsirara, a yanke inda tsatsa ta ci, galibi ƙasan but, bayan tayoyi da kewayen gilashin baya, a yi waldar sabon ƙarfe. Mai ha'inci kuwa fila zai shafe ya fesa fenti. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka naɗe a ƙyalle ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa, fila ce a ƙasa.

Sai lambobi. A gaban bulok, ta ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili da aka buga lambar inji da wani yanki na lambar motar. In sun dace, injin da ta fito da shi daga masana'anta ne, kuma kuɗinta na iya ninkawa. A Chevelle ta 1970 lambar mota ba ta nuna ko SS ce ko gama-gari, shi ya sa jabu suka yi yawa: a sayi ta talakawa, a sa mata babban inji da tambari. Hujjar ita ce takardar da ma'aikata suka bi wajen haɗa ta, wadda akan tsinta a ƙarƙashin kujerar baya ko a saman tankin mai, ta yi ja, bakinta ya zagwanye. Mai ita yana tattalinta fiye da fentin.

Kada ka zaci ba ta da aibi. LS6 ba ta zo da na'urar sanyaya ciki ba, gabanta nauyi, a kwana sai ka lallaɓa ta, birkin baya na ganga ne, kuma lita ɗaya da ƙyar ta kai ka kilomita biyar.

In Allah Ya kawo mana irinta garejin nan, kada ka jefar da kome da ka kwance. Kafireta, janaretan caji, distiributa, kowanne da lambarsa da ranar da aka ƙera shi. Ko ya mutu, wanke shi, rubuta inda ka ciro shi, ka sa a leda. Notukanta kuma da awon inci aka yi su, saboda haka sifanunmu na milimita kada su kusance su, za su cinye musu kai.